Su wane ne Fadan Agustiniya, kuma ƙanena ya shiga cikinsu?

"Baba Malam, ina gaisuwa. Tun da aka zaɓi Fafaroma Leo na 14 ake ta cewa ɗan Agustiniya ne. Kakana yakan ce Fadan da suka yi masa baftisma a wajen Sugu su ma Agustiniya ne. Wani abokina Musulmi ya tambaye ni ko wata ɗariƙa ce kamar Tijjaniyya, ko kuwa wani coci ne dabam a cikin Katolika, sai na rasa abin da zan ce masa. Wa ya kafa ta, su wa ke cikinta? Sannan ƙanena ya gama sakandare yana maganar zai shiga wurinsu, iyayenmu kuwa sun fi son ya zama Fadan dayosis. Mene ne bambancin?"

Ɗana, ina amsawa, kuma ka gaishe mini da kakanka. Tambayoyi uku ka haɗa a saƙo ɗaya: wace irin ƙungiya ce wannan, daga ina ta fito, kuma me ke jiran yaron da ya ce zai shiga. Na yi shekaru ina koyar da tarihin Ikklisiya ga katikis da ɗaliban seminari, kuma a hannun waɗannan Fadan na koyi karatu tun ina ƙarami. Amma ni ba ɗan ƙungiyar ba ne, mai iyali ne. Abin da zan faɗa maka maganar maƙwabci ce wanda ya daɗe yana shiga gidan, ba ta ɗan gida ba.

Bari in fara da tambayar abokinka, domin tambaya ce mai hankali. Agustiniya ba coci ba ce dabam. Imaninsu, Mas ɗinsu, baftismarsu, duk na Katolika ne, kuma Fafaroma ne shugabansu kamar kowa. Ƙungiya ce ta maza da suka ɗauki alkawari uku har mutuwa: ba za su mallaki komai na kansu ba, ba za su yi aure ba, za su yi biyayya ga shugabansu. Yawancinsu firistoci ne, wasu kuma brada ne da ba a naɗa su firist ba. Kwatancin ɗariƙa ya yi daidai ta wasu fuskoki: sunan wani bawan Allah suke ɗauke da shi, suna da addu'o'in da suke yi tare a kan lokaci safe da yamma, suna da tarbiyyar da ake bi kafin a karɓi mutum. Har ma ka gaya wa abokinka cewa Waliyi Agustin da Shehu Ahmadu Tijjani duk a ƙasar da yau ake kira Aljeriya aka haife su. Inda kwatancin ya tsaya shi ne nan: ɗan ɗariƙa yana gidansa da matarsa da 'ya'yansa da kasuwarsa, ɗan Agustiniya kuwa ya bar waɗannan duka ya koma gida ɗaya da 'yan'uwansa, tukunya ɗaya, asusu ɗaya. Akwai dai zumuntar masu aure da ke bin koyarwar Agustin suna gidajensu, akwai kuma sistoci masu bin ƙa'idarsa. Waɗancan masu auren su ne suka fi kama da abin da abokinka yake nufi.

Mutumin da suke ɗauke da sunansa

An haifi Agustin a shekarar 354 a garin Tagaste, inda yanzu ake kira Suk Ahras. Mahaifiyarsa Monika Kirista ce, mahaifinsa Fatirisiyus bai karɓi baftisma ba sai gab da mutuwarsa. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, ya yi karatu a Kartaj kusa da birnin Tunis na yau, ya zama malamin balaga, ya zauna da wata mata shekaru da yawa ba aure har suka haifi ɗa, ya kuma yi wajen shekara tara a cikin addinin Mani. Neman suna ya kai shi Roma, daga nan Milan, inda wa'azin Bishop Ambrus ya soma shiga zuciyarsa. Ya tuba a 386, aka yi masa baftisma a daren Ista na 387. Monika, wadda ta yi shekaru tana kuka a kansa a gaban Allah, ta rasu a wannan shekarar a Ostiya suna shirin komawa gida.

Abin da ya shafi tambayarka shi ne abin da ya yi da ya dawo Afirka a 388. Bai shiga daji shi kaɗai ba kamar yadda wasu masu ibada na Masar suka yi. Ya sayar da abin da ya gada, ya tara abokansa a gidan mahaifinsa, suka zauna tare suna addu'a da karatu da muhawara. A 391 ya je Hippo, wato Annaba ta yau, jama'a suka kama shi a cikin coci suka matsa sai an naɗa shi firist, yana kuka. Bayan wasu shekaru ya zama bishop na garin, ya kuma ce duk firist ɗin da zai yi aiki da shi sai ya zauna gidansa ya bar mallakar kansa. Abokinsa Fosidiyus, wanda ya zauna da shi kusan shekara arba'in, ya ba da labarin cewa a kan teburin cin abincinsu akwai rubutu da ke cewa duk mai son cin naman wanda ba ya nan, wannan teburi ba nasa ba ne. Wata rana manyan baƙi, bishop-bishop 'yan'uwansa, suka soma gulmar wani. Agustin ya ce ko dai a kankare rubutun, ko shi ya tashi ya bar musu abincin. Ya rasu ranar 28 ga Agusta 430, mayaƙan Bandal sun kewaye garin, kuma bai bar wasiyya ba domin ba shi da abin da zai bari sai littattafai.

Ya bar wata gajeriyar ƙa'ida ta zaman tare, wadda za ka iya karantawa kafin shayinka ya huce. Tushenta Ayyukan Manzanni 4:32 ne, inda aka ce masu bi na farko zuciyarsu ɗaya ce, ransu ɗaya, ba mai cewa wani abu nasa ne. Duk lokacin da na karanta ta da ɗalibai, abin da ke ba su mamaki shi ne yadda ta san halin ɗan Adam. Ta ce kada a raba abinci da tufa daidai wa daida, a ba kowa gwargwadon bukatarsa, domin ƙarfin jiki ba ɗaya ba ne. Ta gargaɗi wanda ya fito daga gidan talauci kada ya ɗaga kai don yanzu yana cin abinci da 'ya'yan manya, ta gargaɗi ɗan masu kuɗi kada ya yi taƙama da abin da ya kawo. Ta ce idan an ɓata, a shirya da wuri kafin fushi ya zama ƙiyayya. Ta ce shugaba ya fi son a ƙaunace shi da a ji tsoronsa. Mutumin da ya rubuta wannan ya san zo mu zauna zo mu saɓa ne, ya kuma zaɓi zaman duk da haka.

Wanda ya kafa ta

A nan ne mutane da yawa suke kuskure, har da wasu masu wa'azi. Agustin bai kafa ƙungiyar Agustiniya ba. Tsakanin mutuwarsa da kafuwarta akwai shekara 814. Gidajen da ya buɗe a Afirka ta Arewa sun shuɗe, ƙa'idar ce ta tsira a rubuce, ta ƙetara teku, ƙungiyoyi dabam-dabam suka ɗauke ta. 'Yan Dominikan ma, waɗanda suka yi aiki a Sakkwato da Gusau, ita suke bi.

Abin da ya faru shi ne, a ƙarni na 13 akwai ƙananan rukunonin masu ibada da suka keɓe kansu a dazuzzuka da tsaunukan Toskana a Italiya, kowane rukuni da tsarinsa. A ƙarshen 1243 Fafaroma Inosent na 4 ya umarce su su haɗu a ƙarƙashin ƙa'idar Agustin, suka yi taronsu na farko a Roma a watan Maris 1244, Kadinal Rikardo Annibaldi yana jagoranta. A 1256 Fafaroma Alekzanda na 4 ya ƙara haɗa su da wasu rukunonin a cocin Santa Mariya del Popolo, aka zaɓi Lanfranko na Milan shugaba. Wannan haɗuwa ta biyu ita ce ta ba ƙungiyar siffar da take da ita har yau.

Me ya sa Fafaroma ya damu da mutanen daji? Domin a lokacin biranen Turai suna cika, kasuwanci yana bunƙasa, jami'o'i suna buɗewa a Faris da Bolonya da Oksfod, tsofaffin gidajen ibada kuwa suna karkara da gonakinsu, nesa da wannan sabuwar jama'a. 'Yan Faransiskan da 'yan Dominikan sun riga sun nuna wata hanya: firistocin da ba su da gona, suna zaune cikin gari, suna wa'azi, suna rayuwa da abin da jama'a suka ba su. Sai aka ce wa masu keɓewar nan su ma su fito su shigo gari. Sunan "masu keɓewa" ya manne musu har ƙarshen shekarun 1960 kafin a cire shi, ko da yake sun daɗe da barin daji.

Rashin wanda za su nuna su ce shi ne ya kafa mu ya dame su ƙwarai. Babban taron Ikklisiya na Liyon a 1274 ya rushe sabbin ƙungiyoyi da dama, ya bar Agustiniya a rataye, sai a 1298 Fafaroma Bonifas na 8 ya tabbatar da su. Wannan tsoro ne ya sa marubutansu na wancan zamani suka dage cewa Agustin da kansa ya kafa su, suka yi ta jayayya da wasu masu bin ƙa'idarsa a kan wa ya fi kusa da shi. A 1327 aka ba su damar zama kusa da kabarinsa a Fabiya, a arewacin Italiya, inda ƙasusuwansa suke har yanzu. Masana tarihinsu na yau ba sa riƙe waccan da'awar, suna kiransa uba ta wajen ruhu. A ganina hakan ya fi gaskiya, ya kuma fi kyau: mutane ne da suka sami wata tsohuwar takarda suka ce za mu rayu a kanta.

Su wa suka fito daga cikinta

Idan ka tambayi 'yan ƙungiyar, za su fara da waliyyansu: Nikolas na Tolentino wanda ya rasu a 1305, shi ne na farko da Ikklisiya ta ayyana waliyyi a cikinsu, Rita ta Kashiya, sista wadda ta yi aure ta haihu kafin ta shiga, da Toma na Bilanoba, babban bishop na Balensiya a Sifaniya, wanda ya rabar da dukiyar ofishinsa ga matalauta har ya rasu a 1555. Amma duniya ta fi sanin wasu mutum biyu.

Na farko Martin Luta. Ya shiga gidan Agustiniya na Erfut a Jamus a 1505, aka naɗa shi firist a 1507, shugabansa Yohan fon Stawpits ne ya tura shi koyar da Littafi Mai Tsarki a Witenbag. A 1517 ya fito da batutuwansa 95 masu sukar wasu ayyukan Ikklisiya, a 1521 aka fitar da shi daga Ikklisiya, a 1525 ya yi aure. Gidajen Agustiniya da yawa a Jamus suka watse, wasu 'yan'uwa suka bi shi, wasu suka tsaya. Ba na ɓoye wa ɗalibaina wannan, domin tambayar da ta hana Luta barci, wato yadda mai zunubi zai sami karɓuwa a gaban Allah, daga karatun Bulus da Agustin ya ɗauko ta. Kai da kake Adamawa wannan ba labarin nesa ba ne. Mishan ɗin Danmak, masu bin koyarwar Luta, sun sauka Numan a 1913, shekara 27 kafin Fadan Agustiniya su iso lardin. Cocin LCCN na mabiya Luta da ke maƙwabtaka da naku, da cocin kakanka, idan ka bi sawunsu baya za ka tarar sun taɓa kwana a gida ɗaya. Ina so matasanmu na ɓangarorin biyu su san haka.

Na biyu Girego Mendel, ɗan manomi talaka wanda ya shiga gidan Agustiniya na Birno, a Jamhuriyar Cek ta yau, a 1843. Sau biyu yana zama jarrabawar zama cikakken malamin makaranta bai samu ba. Daga 1856 zuwa 1863 ya shuka dubban waken Turawa a lambun gidan, yana barbara furanni da hannunsa, yana ƙirga dogo da gajere, mai santsi da mai yamutsi, har ya gano cewa siffar da ta ɓuya a 'ya'ya tana sake fitowa a jikoki, kusan ɗaya cikin huɗu. Ya buga sakamakon a 1866, ba wanda ya kula, ya rasu a 1884, sai a 1900 masana suka farga da abin da ya gano. Duk ingantaccen irin masara ko wake da malaman gona suke kawo muku, ilimin da ke bayansa daga wannan lambu ya soma. Abin da nake so ka lura da shi: shekara bakwai mutum yana ƙirgar wake, 'yan'uwansa suna ciyar da shi, suna ba shi fili, ba wanda ya ce ya kawo riba. Wannan ma amfanin tukunya ɗaya ne.

'Yan Agustiniya sun tafi Meziko a 1533, Filifin a 1565. Ɗaya daga cikinsu, Andires de Urdaneta, tsohon matuƙin jirgin ruwa, shi ya gano hanyar dawowa daga Filifin zuwa Meziko ta tekun Fasifik, hanyar da jirage suka bi shekara 250. Sai dai a can tarihinsu ba fari fat ba ne. Tare da masu mulkin mallakar Sifaniya suka shiga, kuma a Filifin manyan filayen da ƙungiyoyin firistoci suka mallaka, har da su, suna cikin abubuwan da suka tunzura boren 1896. Ƙungiyar da ta yi alkawarin talauci tana iya tara dukiya da sunan gida ko da ɗaiɗaikun ba su da ko sisi, kuma wannan jaraba ba ta mutu ba.

Fafaroma Leo, Robat Prebost, an haife shi a Shikago a 1955. Ya karanta lissafi a jami'ar Bilanoba ta Agustiniya, ya shiga ƙungiyar a 1977, ya yi alkawarin dindindin a 1981, aka naɗa shi firist a 1982. Ya yi shekaru masu yawa a Peru, ya shugabanci ƙungiyar a duniya baki ɗaya daga 2001 zuwa 2013, kuma a wannan matsayi ya zo Najeriya sau da dama. Ranar 8 ga Mayu 2025 ya zama ɗan ƙungiyar na farko da ya hau kujerar Bitrus, ya kuma ce da bakinsa a jawabin farko shi ɗan Waliyi Agustin ne. Ƙungiyar ba ta da yawa, duk duniya ba su kai mutum 3,000 ba.

Yadda suka iso wurin kakanka

Kakanka bai yi kuskure ba. Agustiniyan ƙasar Ayalan ne suka zo. Sun sauka Jos a 1938, suka zauna wurin Fadan SMA, wata ƙungiyar mishan ta Katolika da ta riga su, suna koyon Hausa. A 1940 suka buɗe tasharsu ta farko a Sugu, cikin ƙasar Chamba. A lokacin yankin ba ya cikin Najeriya sosai, yana cikin ɓangaren Kamaru da aka karɓe daga Jamus aka ba Ingila riƙo, sai bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 ya haɗe da mu. Gwamnatin Turawa tana taƙaita wa'azin mishan a garuruwan sarakunan Musulmi, shi ya sa aikin ya fi kafuwa a tsaunuka da ƙauyukan da ke bin addinin gargajiya.

Daga Sugu aikin ya bazu. Yola ta zama yanki mai cin gashin kansa a 1950, ta zama dayosis, wato yankin da ke ƙarƙashin bishop nasa, a 1962, Patrick Dalton ne bishop na farko. Maiduguri ta zama dayosis a 1966 a hannun Timothy Cotter. Patrick Sheehan ya riƙe Yola daga 1970 zuwa 1996, sannan ya koma Kano ya zama bishop ɗinta na farko a 1999, John Niyiring, ɗan Agustiniya ɗan Najeriya, ya gaje shi a 2008. 'Yan Agustiniya ne kuma aka damƙa wa babbar seminarin Waliyi Agustin ta Jos da aka buɗe a 1967, inda ɗimbin firistocin Arewa suka yi karatu.

Ina tuna Fadan da ke zuwa ƙauyenmu sau ɗaya a wata ko biyu. Farar riga ce a jikinsa, domin baƙar da suke sawa a Turai ba ta zafinmu ba ce, da baƙar ɗamarar fata doguwa wadda ita ce alamarsu. Akwatin Mas a ɗaure a bayan babur, ƙura ta mai da gashinsa ja. Da damina idan rafi ya cika sai samari su ɗauki babur ɗin a ka su ƙetare da shi. Hausarsa tana da karkata, mu yara mukan rufe baki muna dariya, amma yakan zauna a tabarma ya ci tuwon dawa da hannu, ya tambayi sunan kowane jariri. Idan ya tafi, katikis ne ke riƙe da coci: shi ke koyar da addu'a, shi ke karantar da yara a ƙarƙashin bishiya, shi ke binne matattu. Mu masu koyar da tarihi mun yi sakaci a nan, mun haddace sunayen bishop-bishop muka bar na katikis. Ka zauna da kakanka tun yana da rai, ka tambaye shi wa ya koya masa katikisim kafin Fada ya zuba masa ruwa, ka rubuta sunan.

Abin da na fi girmama su da shi shi ne abin da ya sa matasa irinka ba su san su ba sosai. Ba su fara da tara wa ƙungiyarsu yara ba. Sun fara da renon firistocin dayosis, 'yan ƙasa, waɗanda za su karɓi aikin, daga baya ne suka buɗe ƙofar ƙungiyar ga 'yan Najeriya, har lardinsu na Najeriya ya tsaya da ƙafarsa a 2001. Yau Yola da Maiduguri da Jalingo duk 'yan ƙasa ne ke riƙe da su. Ignatius Kaigama, babban bishop na Abuja, ɗan Kona ne a Taraba, Matthew Ndagoso na Kaduna ɗan Adamawa ne, duk daga gonar da waɗannan mutane suka share. Sun gina gida sun miƙa makulli.

Maganar ƙanenka

Yanzu ga inda iyayenku suke jin nauyi, kuma kada ka raina damuwarsu. Fadan dayosis yana yin alkawari biyu: ba zai yi aure ba, zai yi wa bishop biyayya. Bai yi alkawarin talauci ba. Yana iya mallakar mota, ya ci gado, ya ajiye ɗan abin da aka ba shi, ya biya wa ƙanwarsa kuɗin makaranta. Kuma a cikin dayosis ɗinsa zai yi aiki, yawanci tafiyar awa biyu ko uku daga gida. Ɗan Agustiniya ba haka ba. Ranar da ya yi alkawarin dindindin ya sallama haƙƙin mallaka. Albashinsa idan yana koyarwa, kyautar da aka ba shi bayan Mas, duk asusun gida suke shiga, shi kuma ya nemi abin da yake bukata. Ana iya tura shi Legas, ko wata ƙasar Afirka, ko Turai, ba tare da an nemi shawarar mahaifiyarsa ba.

Na ga wannan da idona a wajen wani tsohon ɗalibina da ya shiga wata ƙungiya mai irin wannan alkawari. Ranar naɗinsa kawunsa ya kawo mota sabuwa, an ɗaura mata kintinkiri, dangi suna guɗa. Yaron ya karɓi makullin, ya rungumi kawun, da yamma ya miƙa wa shugaban gidansu. Bayan wata biyu motar tana wata tasha mai nisa inda aka fi bukatarta, shi kuwa yana hawa tsohon babur. Kawun ya yi shekara bai yi masa magana ba. Ba wanda ya yi laifi a cikinsu, ba a dai yi wa dangi bayani tun da wuri ba. A ƙasar da ake sayar da akuya da hatsi a kai yaro makaranta da fatan wata rana zai ɗauki nauyin na baya, wannan alkawari ba yaron kaɗai yake yin sa ba, gidan duka ne ke biya. Ƙungiyoyi sukan taimaka idan iyayen ɗan'uwa suka shiga matsananciyar bukata, amma taimako ne da ake nema a wurin shugaba, ba haƙƙi ba ne da za a dogara da shi. Ku zauna ku faɗa wa juna wannan a fili.

Abin da yake samu a madadin haka shi ne 'yan'uwa. Fadan dayosis da yawa su kaɗai suke kwana a gidan faris, su kaɗai suke cin abinci, kuma kaɗaici ya karya mutanen kirki da na sani. Ɗan Agustiniya yana tashi ya tarar da mutum uku ko huɗu a ɗakin addu'a, idan ya yi rashin lafiya akwai mai kai shi asibiti, idan ya tsufa ba a barinsa. Amma waɗannan mutum uku ko huɗu ba shi ya zaɓe su ba. Wani ɗan wata ƙabila ne, wani mai yawan magana, wani ba ya wanke kwanonsa. Wasu ƙungiyoyi an kafa su don wani aiki takamaimai, asibiti ko makaranta ko wa'azi. Agustiniya suna yin waɗannan duka, amma su a wurinsu zaman taren shi ne aikin farko, saura suna biyo baya. Saboda haka tambayar da zan yi wa ƙanenka ba ita ce ko yana son zama Fada ba. Ita ce: yaya yake da 'yan ɗakinsu a makarantar kwana? Idan aka ɓata masa rai yana iya zuwa ya ce a yi haƙuri, ko kuwa yakan yi mako yana gaba? Yana iya roƙon kuɗin sabulu yana da shekara arba'in ba tare da ya ji an wulaƙanta shi ba? Yaron da ke son ya tsara aikinsa da kansa, mai son zama kusa da mutanensa da harshensa, zai fi samun natsuwa a dayosis, kuma wannan ba ƙaramin kira ba ne. Idan kuwa zaɓen Fafaroma ne ya ɗauke masa hankali, a ba shi lokaci, zumuɗin zai lafa a ga abin da ya rage.

Ka kwantar wa iyayenku da hankali da cewa ba a shiga yau a rufe ƙofa gobe. Akwai lokacin zama na sanin juna, sannan shekara guda cur ta gwaji wadda dokar Ikklisiya ta wajabta, sannan alkawarin wucin gadi na aƙalla shekara uku, ga karatun falsafa da tauhidi. Daga shiga zuwa naɗi yakan kai wajen shekara tara ko goma, kuma kafin alkawarin dindindin yana iya fita ba tare da wani laifi ba, su ma suna iya ce masa wannan ba hanyarsa ba ce. Na ga waɗanda suka fita suka zama malamai da magidanta nagari. Abin da nake roƙon dangi shi ne kada su mai da yaron da ya dawo abin nuni a gari.

Ni ban san ƙanenka ba, ba kuma zan yanke masa hukunci daga nesa ba. Yadda rayuwar cikin gidan take da daddare bayan baƙi sun watse, wanda ya yi alkawarin ne kaɗai zai iya gaya masa. Ya fara da Fadan faris ɗinku, ya nemi a haɗa shi da mai kula da masu neman shiga na Agustiniya a Jos da kuma na dayosis ɗinku, ya nemi izinin kwana 'yan kwanaki a kowane ɓangare. Idan ya je, kada ya tsaya kallon coci da riguna. Ya zauna wurin cin abinci ya saurari yadda suke maganar ɗan'uwan da ba ya nan, ya kuma nemi a kai shi ya gaida tsofaffinsu da suka daina aiki. In da hali, mahaifinku ya raka shi.